Inna an ce ta riƙa zuwa zaman magana, ƙanena an yi masa allura: wanne ne maganin gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mu mutanen Madani ne a Sudan, yaƙi ya koro mu Gadarif a ƙarshen 2023, Babanmu ya rasu a hanya. Tun daga nan Inna ba ta koma daidai ba. Ba barci, ba cin abinci, ko ƙofa aka buga sai ta zabura, kullum tana kwance tana cewa da ta matsa mun fito da wuri da Baba bai mutu ba. Ƙanena kuma, ɗan shekara 23, ya fara jin muryoyi yana cewa maƙwabta na sa masa guba, har ya yi wata 4 ɗaure a wani masid, wato zawiyar shehi. Da muka kai su asibiti, Inna aka ba ta ƙwaya ɗaya, sataralin, aka ce ta riƙa zuwa zaman magana duk mako. Yau kwana 12 ba mu ga canji ba. Shi kuma allura ce duk wata. Muryoyin sun tafi, amma jikinsa ya sandare, hannunsa na rawa, miyau na zuba. Kawunmu ya ce a daina duka a koma wurin faki, wato malamin addu'a da rubutu, wai maganin asibiti bautar da mutum yake yi. Me zan yi? Kuma da gaske magana tana warkar da ciwo?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Inna da ƙanenki lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

Kada a tsayar wa kowannensu da magani. Gida ɗaya suke, bala'i ɗaya ya taɓa su, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa likitan bai ba su abu ɗaya ba. Zan fara da ƙanenki domin nasa ne ba zai jira ba.

Sandarewar nan da rawar hannu da zubar miyau ba ciwon ne ya ƙaru ba, ba kuma aljani ne yake kokawa da magani ba. Illar allurar ce, mun san ta sarai, kuma tana gyaruwa. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin. Idan aikinsa ya wuce kima a wani sashe, mutum yakan ji muryar da babu mai ita, ya riƙa ganin makirci a inda babu. Maganin yana rage masa ƙarfi, shi ya sa muryoyin suka yi shiru. Sai dai wannan sinadarin ne kuma, a wani sashen dabam, yake sa gaɓoɓi su motsa cikin laushi. Tsofaffin allurai irin su halofiridol da fulufenazin, wadda aka fi sani da Modecate, sukan danne shi a ko'ina. Ki mayar da shi wurin likitan cikin makon nan, kada ki jira ranar allura ta gaba. Likitan yana da hanyoyi: ya rage yawan allurar, ko ya tsawaita tazararta, ko ya ƙara masa Artane na wani lokaci don jikin ya saki, ko ya sauya shi zuwa sabbin magunguna irin su risfiridon ko olanzafin. Su ma sabbin suna da nasu farashin. Olanzafin yana buɗe ciki ya kawo ƙiba, yana iya jawo ciwon suga, don haka akan riƙa auna nauyi da jini. Idan Artane aka ba shi, ki riƙe a hannunki ki riƙa ba shi da kanki. Ita ce ƙwayar da matasa a Najeriya suka sani da Exol, ana shan ta don maye, kuma abokai sukan roƙa.

Akwai alamu biyu da nake so ki haddace. Idan wuyansa ya karkace, idanunsa suka kafe sama, harshe ya fito, mutane za su ce bugun iska ne. Magani ne ya ɗaure tsoka, allura ɗaya a asibiti takan kwance shi cikin mintuna. Ta biyun ta fi haɗari: zazzaɓi mai zafi tare da jiki ya ƙage kamar icce, ga gumi, ga ruɗewa. Wannan a kai shi asibiti a daren, a gaya musu sunan allurar da ranar da aka yi ta, kada a zauna ana ba shi maganin maleriya a gida. Ki kuma tuna magungunan nan suna rage wa jiki iya jure zafi. Zafin bazarar Gadarif yana haura 40. In ya samu sauƙi ya ce zai bi abokai yankan riɗi, to ruwa da inuwa da hutun tsakar rana dole ne.

Game da wata huɗun da ya yi a mari, zuciyata ta sosu, amma ba zan zarge ku ba. Kafin 1952 duniya ba ta da ingantaccen maganin wannan ciwon, sau da yawa abin da ake yi ke nan: a kulle, a ɗaure. A shekarar ce likitoci biyu a asibitin Sainte-Anne da ke Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada kulorfuromazin, wato Largactil, suka ga marasa lafiyar da ake ɗaurewa sun natsu suna magana. Halofiridol ya biyo baya a 1958 daga Beljiyam. Mari ba addini ne ya kawo shi ba, rashin magani ne. Yanzu da maganin ya samu, babu hujjar mayar da sarƙa ƙafar yaro.

In aka bi maganar Kawu aka tsayar, me zai faru? Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya tattara gwaje-gwaje 65. Cikin kusan shekara guda, ciwon ya dawo wa 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, ya dawo wa 64 cikin 100 na waɗanda aka cire musu. Abin da yake yaudarar iyali shi ne allurar wata tana daɗewa a jiki. Za a tsayar, mako shida, wata biyu, yaro lafiya lau, har ma jikinsa ya saki, sai a ce ga shi nan addu'a ta ci. A wata na uku ko na huɗu barci ya fara ƙaura, zargi ya dawo. Kuma kowace dawowa takan ɗauke wani abu daga karatunsa da sana'arsa da yardar mutane da shi. Bayan karon farko mukan riƙe magani aƙalla shekara ɗaya bayan ya warware, sau da yawa biyu ko fiye, sannan likita ya riƙa ragewa sannu a hankali. Bango kuma, wato tabar wiwi, ya yi nesa da shi gaba ɗaya, domin yana tayar da wannan ciwon kamar an zuba wa wuta fetur.

Shi ma yana da nasa rabon na magana, sai dai rabin maganar da ku za a yi ta. Binciken da aka fara a Landan tun shekarun 1960 ya nuna cewa mai irin wannan ciwon da ya koma gidan da ake yawan kushe shi, ko ake sa masa ido kamar jariri, ya fi saurin komawa asibiti. In ya ce an sa guba a miya, kada ki ce masa mahaukaci, kada kuma ki ce e haka ne. Ki ce: na ga kana jin tsoro, ni ban ga guba ba, zo mu ci a kwano ɗaya. A ba shi ɗan aiki da zai iya, ɗebo ruwa ko raka yaro halwa, wato makarantar allo, a rage hayaniya a kansa.

Yanzu Inna. Abin da kika bayyana ya yi kama da ciwo biyu da suka haɗu. Ɗaya shi ne wanda likitoci a nan suke kira ikti'ab, baƙin cikin da ya wuce na makoki ya kwantar da mutum, ya ɗauke masa ci da barci da sha'awar komai, ya cika shi da zargin kai. Ɗayan kuma razanar da bala'i yake bari, inda jiki yake ci gaba da zama kamar har yanzu ana harbi. Ba ita kaɗai ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta nuna cewa a wuraren da aka yi yaƙi kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ba raunin imani ba ne, kuma ina roƙon kada kowa ya faɗa mata haka, domin wadda take zargin kanta da mutuwar mijinta ba ta buƙatar ƙarin laifi.

Kwana 12 bai isa a yanke wa sataralin hukunci ba. Ba kamar Panadol ba ce da ake sha a ji sauƙi kafin la'asar. Takan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara gani, mukan jira har mako 6 kafin mu ce a ƙara ko a sauya. Ku na gefe za ku riga ta gani: ta ƙara loma biyu, ta tambayi jikanta, ta yi wanka ba a ce ta yi ba, alhali bakinta yana cewa babu abin da ya canza. A makon farko tana iya kawo tashin zuciya ko ciwon kai, yawanci sukan wuce, kuma shan ta bayan abinci yana taimakawa. Ga dattawa takan rage gishirin jini, don haka in kika ga Inna ta rikice ko tana tangaɗi, a je a auna. Bayan ta warke za ta ci gaba aƙalla wata 6, sau da yawa mukan kai wata 9 zuwa shekara. In sataralin ta yanke a kasuwa aka ba ku amitiriftilin a madadinta, tsohon magani ne mai aiki, amma yana taɓa zuciya, yana sa jiri, kuma shan sa da yawa lokaci guda yana kisa. Sai da izinin likita, kuma a kulle shi.

To, magana tana warkarwa? Tana warkarwa, kuma ga razanar Inna ita ce uwar magani, ƙwayar mataimakiya ce. Amma ba hira ba ce, ba kuma nasihar a yi haƙuri ba, wadda na tabbata ta ji ta sau dubu. Aiki ne mai tsari da adadin zama, kamar yadda ake gasa ƙafar da ta karye har ta koma taka ƙasa.

Mutane suna ɗauka Turawa ne suka ƙago ta. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934, ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na farko ana yaƙar sa da magana daga waje da kuma tunanin da mutum yake horar da kansa a kai daga ciki, na biyun kuma sai an haɗa da maganin jiki. Ɗan ƙasarmu Farfesa Malik Badri, haifaffen Rufa'a da ya rasu a 2021, yana cikin waɗanda suka fito da aikin nasa ga duniyar yau. A shekarun 1960 likitan Amurka Aaron Beck ya tsara hanyar da aka fi amfani da ita yanzu, ta gyaran tunani da ɗabi'a, aka gwada ta a kan dubban mutane. A ikti'ab mai sauƙi da matsakaici aikinta yana kai na ƙwaya, kuma wanda ya koye ta ya fi wuyar komawa ciwon, domin abin da ya koya yana nan tare da shi bayan an gama.

Ga yadda takan kasance. Inna ta ce: ni na kashe shi, da na matsa mun fito da wuri. Mai jinyar ba za ta ce mata haba Inna daina faɗin haka ba. Za ta tambaye ta: a ranar, me kika sani? Wa ya san garin zai faɗi a makon nan? Maƙwabtanki nawa ne suka fita kafin ku? Da ƙanwarki ce ta zo miki da wannan labarin, za ki ce mata ita ta kashe mijinta? Sannu a hankali Inna da kanta za ta gane tana yi wa matar jiya shari'a da ilimin yau. Wannan ganewar in ta fito daga bakinta tana zama, in daga bakin wani ta fito takan zame.

Sai ɓangaren aiki. Mai ikti'ab yana jira ya ji ƙarfi kafin ya tashi, alhali ƙarfin sai an tashi yake zuwa. Don haka akan tsara abu ƙarami a kowace rana. In a Madani tana dama godogodo, ba za a ce ta koma sayarwa gobe ba. Yau ta tashi daga angarib, gadon da take kwance, ta zauna a rumfa minti goma. Jibi ta tsince gero. Mako mai zuwa ta dama na gida. A nan ne ke za ki fi amfani, ki tambayi mai jinyar aikin makon, ki zauna kusa da Inna lokacin yin sa, ba tare da gori ba in ta kasa.

Ita kuwa razana, maganinta shi ne a koma kan abin da ya faru cikin aminci da tsari, har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa ya wuce. Akwai wata hanya da na fi ƙauna domin ta dace da mutanenmu masu iya ba da labari. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, a ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane bala'i, sannan a bi labarin daga haihuwa zuwa yau, a tsaya a kan kowane dutse har sai an ba shi rana da wuri da suna. An gwada ta a kan 'yan gudun hijirar Sudan a sansanin Imvepi na Yuganda, aka buga sakamakon a 2004. Zama huɗu kacal. Bayan shekara guda, 29 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ita ne suke da sauran ciwon, alhali kusan 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa nasiha da lallashi kawai suna nan da shi. Mutanen ba su da yawa, 43 ne, amma bincike da dama ya biyo baya ya ƙarfafa hanyar. Ki sani bayan zama na farko ko na biyu tana iya dawowa da kuka, mafarkin ya ƙaru kwana biyu. Ba lalacewa ba ce, kada ku janye ta. Kuma kada ku ce za ku yi mata wannan a gida ku tilasta ta ba da labari. Sai wanda aka horar.

Ba lallai sai babban likita ba. Tun kafin yaƙi likitocin ƙwaƙwalwa a Sudan ba su wuce kusan ɗaya ga mutum miliyan ba, mafi yawansu a Khartum. Irin wannan ƙarancin ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari a 2016 na zama 5, kowanne minti 90, wanda ma'aikacin unguwa da aka horar zai iya gudanarwa. A ƙauyukan Yuganda ma an gwada zaman rukuni na mako 16 inda ake magana kan rashi da sauyin rayuwa, kuma ya yi aiki ƙwarai. In an samu rukunin mata irin wannan kusa da ku, Inna ta shiga.

Abu ɗaya mai nauyi. Ki tambaye ta kai tsaye, cikin taushi, ko tana tunanin mutuwa ko cutar da kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. In ta ce e, ko ta daina ci da sha gaba ɗaya, ranar za a koma wurin likita, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Sai Kawu. Tsoronsa yana da tushe, ya dai ɗora shi a kan maganin da ba shi ba. Ƙwayar da take bautarwa ita ce wadda jiki yake ƙishirwarta, ɗaya ta daina isa sai biyu, mutum ya sayar da kayansa don ita. Valium da danginta haka suke, da taramadol. Su ne ake miƙa wa mai rashin barci a saidaliyya, wato kantin magani, ba takarda, kuma su nake tsoro wa Inna. Ba a wuce mako 2 zuwa 4 da Valium, ga dattijuwa tana sa faɗuwa da mantuwa, kuma ba ta maganin razana. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi sata don ya sayi halofiridol ko sataralin ba. Gaskiya ne in aka yanke sataralin farat ɗaya akan ji jiri da wani abu kamar jan lantarki a kai, shi ya sa ake sauka daga kanta mataki-mataki. Wannan jiki ne ya saba, ba maye ba ne.

Faki kuma ba abokin gaba ba ne. Dakta Tijjani Almahi, wanda babban asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman yake ɗauke da sunansa, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan. Ya dawo daga Landan a 1949, kuma maimakon ya raina shehunai sai ya je ya zauna da su, ya nemi a yi aiki tare. A kan wannan turbar aka koyar da mu. A yi wa Inna karatu, a yi wa yaro addu'a, su sha mihaya, wato rubutu, in da ruwa mai tsabta aka wanke, natsuwar da suke samu ta gaske ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mari, da bulala, da hana abinci, da turnuƙa hayaƙi a rufaffen ɗaki, da umarnin a zubar da magani. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar mata da magani, kuma malaman kirki da na yi aiki da su su ne suke turo mana marasa lafiya da kansu.

Tunda zaman gudun hijira ba shi da tabbas, ki rubuta a takarda sunan kowane magani, da yawansa, da ranar allurar ƙarshe, ki ɗauki hotonta a waya ki tura wa wani ɗan'uwa. In hanya ta sake kama ku, kowane ma'aikacin jinya zai iya yin allurar da wannan takardar. Ki nemi ƙwayar Inna tun saura mako guda ta ƙare. In azumi ya zo, ƙwayar sau ɗaya a rana ana iya mayar da ita bayan buɗa-baki ko sahur da shawarar likita, allurar tsoka kuwa mafi yawan malamai sun ce ba ta karya azumi.

Ranar da za ki mayar da ƙanenki, ki roƙi Kawu cikin ladabi ya raka ku, ki ce kina so babba ya ji da kunnensa. Ya faɗa wa likitan duk abin da yake tsoro, ya ga yadda jikin yaron zai saki bayan an gyara maganin. In ya yarda, ki bar masa riƙon ranar allura, ya zama shi ne mai kai shi duk wata. Ke kuma ki samu wadda za ta karɓe ki kwana ɗaya a mako ki yi barci, domin ke ma a kan hanyar nan kike ranar da Baba ya rasu. Bayan mako huɗu ki sake rubuto mini, ki faɗa mini me Inna take ci, awa nawa take barci, da kuma ko hannun ƙanenki ya daina rawa.